Kwarkwasa Na Jiran Masu Bincikenmu

Kowa ya san zafin cizon kwarkwasa, amma har yau masana ba su gama tantance danginta ba. Dorylus suke kiranta, kuma sun lissafa kimanin iri 60, galibi a Afirka, kaɗan a Asiya. A ganina wannan lissafi da gyara. Dalili kuwa, namijinta ƙato ne mai fiffike, yakan faɗo wa fitila da dare, ko kusa bai yi kama da makafin ma'aikatan da ke jerin gwano ba. Shi kansa masanin halittu Linnaeus, da duk saninsa, cikin dangin rina ya jefa shi a 1764. Haka aka yi ta raɗa wa namiji suna daban, ma'aikata suna daban, ba tare da an tabbatar ko 'yan gida ɗaya ba ne. Sarauniyar kuwa, wadda kan kai santimita 5, ba kasafai ake ganinta ba. A 2016 masani Marek Borowiec ya rushe tsoffin ƙananan rukunonin Dorylus, amma daidaita maza da ma'aikata sai wanda ke zaune kusa da ramin kwarkwasa. Jami'o'inmu, wannan aiki naku ne, ku tura ɗalibai daji.