Ra'ayinmu: Sallar Farko A Damagum

Duk shekara, kwana biyu kafin Babbar Sallah, tashar motar Damagum kan cika da 'yan'uwanmu masu tafiya Kano, Katsina da Haɗeja. Waɗanda ke ragewa galibi sababbin ma'aurata ne da kuɗin mota ya gagara. Maigida na kasuwa, amarya na ɗakin haya da jariri a hannu, ba uwa, ba ƙanwa, ba mai aiko mata da tuwon Sallah.

A ganinmu, sakacin namu ne, mu da muka daɗe a garin. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama inda ya so, sashe na 43 kuma ya ba shi damar mallakar fili da gida. To amma wanda mai unguwa bai taɓa ganin fuskarsa ba, ranar da zai nemi wata takarda a sakatariyar ƙaramar hukumar Fune saboda karatun ɗansa, wa zai tsaya masa?

Don haka bana kowane magidanci ya ɗauki iyali guda. A tafi Idi tare, a kai su gaida mai unguwa da maƙwabtanmu Karekare da Ngizim, a raba naman layya da su. Iyaye mata kuma su leƙa amaren tun daren jajibere.