Ba Mai Cin Ƙwallo Kaɗai Ya Yi Gumi Ba

Duk ranar da aka kammala gasar ƙwallon yara a garuruwanmu, ka buɗe Facebook ko sitatus ɗin WhatsApp ka gani. Hoto ɗaya ne zai yi ta yawo: yaron da ya zura ƙwallon ƙarshe, an ɗaga shi sama, an raɗa masa suna "Osimhen ɗin Riko" ko "Mbappe na Magama". Sauran goman da suka sha rana tare da shi kuwa, sai dai ka hango ƙeyarsu a gefen hoton. Golan da ya yi ta faɗuwa a kan tsakuwa ba wanda ya ambace shi. Ɗan bayan da ya hana a ci su sau uku, shi ma shiru. Yaron da bara ko tsayar da ƙwallo bai iya ba, bana kuma ya buga minti casa'in cif, ai ba a ma san da zamansa ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wannan ɗabi'ar tamu tana kashe wa yara gwiwa, kuma mu masu riƙe da waya mu ne kan gaba wajen raya ta. Ra'ayina shi ne ƙungiyar yara ba ta cika ƙungiya ba sai tana da hanyar ganin ci gaban kowane yaro da gudummawarsa, ta kuma faɗe su a bainar jama'a. Wannan aikin ba ya buƙatar kasafin kuɗi daga Abuja ko Katsina. Ido yake buƙata, da biro, da ɗan adalci.

A ajin koyon aikin jarida akwai wani darasi da ake koyar da mu tun farko, wanda masana biyu 'yan Amurka, McCombs da Shaw, suka fito da shi a 1972. Taƙaicensa shi ne kafar yaɗa labarai tana da ƙarfin zaɓar wa mutane abin da za su mayar da hankali a kai. Abin da aka yawaita nunawa, shi jama'a za su ɗauka da muhimmanci. To a gasar unguwa ba gidan talabijin da ke zuwa. Kai ne gidan talabijin ɗin, da wayarka da datar ɗari biyu. Idan kullum mai cin ƙwallo kake haskawa, darasin da kake ba ɗan shekara goma sha biyu shi ne: ba da fasin asara ne, tsaron baya wahalar banza ce, ka riƙe ƙwallo ka yi ta yanka ko da za a ci ku. Daga baya kuma mu dawo gidan kallon ƙwallo muna ƙorafin 'yan wasanmu sun cika son kai.

Bari in kai ka wani wasa da ba mu da shi, don wani lokacin sai ka leƙa gidan wani kake gane abin da ya ɓace a naka. A Kanada da arewacin Amurka ana wasan hoki a kan ƙanƙara, ɗan'uwan ƙwallon gora ne, sai dai su a kan daskararren ruwa suke zamiya suna buga wani ɗan faifan roba da sanda. Jibiya da zafinta na bazara ba ta da haɗi da ƙanƙara, amma yadda suke lissafin ƙoƙari abin koyi ne. A wasan nan, wanda ya ci yana samun maki ɗaya, wanda ya ba shi fasin shi ma maki ɗaya, haka ma wanda ya ba mai ba da fasin ɗin. Ke nan ci ɗaya yana iya ɗaukar sunan mutum uku. Wayne Gretzky, wanda ake ɗauka gwarzon wasan, ya ci sau 894 a gasar NHL, amma fasin da ya bayar aka ci sun kai 1,963. A watan Afrilun 2025 Alex Ovechkin ya karya tarihinsa na yawan ci, amma fasin ɗin nan su kaɗai sun fi jimillar makin duk wani ɗan wasa da ya taɓa buga gasar.

Ba su tsaya nan ba. Bayan an tashi wasa sukan sanar da taurari uku, kuma sau da yawa gola na cikinsu. Suna da kofin Selke, wanda tun 1978 ake ba ɗan wasan gaba da ya fi iya komawa baya ya taya tsaro. Suna da kofin Lady Byng tun 1925 domin wanda ya haɗa ƙwarewa da ladabi a fili. Babban kofinsu, Stanley, ana zana sunayen 'yan wasan ƙungiyar da ta lashe shi a jikinsa, har da masu horarwa. Ƙungiyoyin yara a can sun gaji wannan al'ada, sukan yi taron ƙarshen kaka a kira yaron da ya fi kowa samun ci gaba a ba shi lambar yabo. Yaron da ya taso a irin wannan tsarin ya san cewa akwai ido a kan aikin da ba ya sa 'yan kallo ihu.

Mu ma fa tarihinmu ya nuna haka, mantuwa ce ta yi mana yawa. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. A Chile a 2015 Victor Osimhen ya ci ƙwallo goma ya karɓi takalmin zinare, kowa ya san wannan. Amma kyautar gwarzon gasar baki ɗaya kyaftin ɗin ƙungiyar, ɗan tsakiya Kelechi Nwakali, aka ba. A 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙarƙashin koci Manu Garba, Iheanacho ne a bakin kowa, alhali golanmu Dele Alampasu shi ya zama gwarzon masu tsaron raga, wanda ya ɗaga kofin kuma ɗan baya ne, Musa Muhammed daga Kano. Ka tambayi abokanka a majalisa, mutum nawa ne suka tuna da su?

Ga kuma Sani Kaita. Da ka ambaci sunansa abin da zai faɗo wa mutane shi ne jan katin da ya samu a wasan Girka a gasar cin kofin duniya ta 2010, wasan da aka ci mu biyu da ɗaya. An zage shi, har barazana ga rayuwarsa an yi. Amma wannan ɗan tsakiyar yana cikin tawagar da ta kai wasan ƙarshe a kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005, yana kuma cikin waɗanda suka ciyo azurfa a gasar Olamfik ta Beijing a 2008. Kuskuren daƙiƙa ɗaya ya shafe aikin shekaru. Idan haka muka yi wa babba mai albashi, ka yi tunanin abin da ɗan shekara goma sha uku ke ji ranar da ya zubar da fenareti, aka ɗauki bidiyonsa aka sa masa waƙar zolaya a TikTok.

Me ya sa abin ya fi nauyi a wajenmu? Saboda a yankin Jibiya yaron da ya bar fili yana da masu jiransa. Wannan yanki rayuwarsa a kan hanya take, daga Katsina zuwa Magama, a tsallaka Ɗan Isa a nufi Maraɗi. An rufe iyaka a watan Agustan 2019, ƙofar Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, Najeriya ta buɗe ɓangarenta a Maris 2024. Duk rufewa ɗaya sai ta taɓa aljihun direba, da ɗan dako, da mai shayi, da mai kai kaya kasuwar Lahadi. Ga matsalar 'yan bindiga da ta raba iyalai da gonakinsu da ƙauyukansu. A irin wannan yanayi, filin ƙwallo na cikin 'yan wuraren da yaro zai yi awa biyu a ƙarƙashin idon wani babba, yana koyon zuwa a kan lokaci, da bin doka, da haƙuri in an ci shi. Idan ya yi shekara biyu a benci ba wanda ya taɓa ce masa "na ga ƙoƙarinka", wata rana zai daina zuwa. Mai neman yaron da zai ɗaukar masa jarkar fetur ta ɓarauniyar hanya ya iya yabo, haka ma dilan ƙwaya. Su sun san darajar su ce wa yaro "kai namiji ne". Bai kamata su fi mu iya wannan ba.

Na san za ka ce, to ai yabo na fasa wa yaro kai. Akwai gaskiya a ciki, amma ya danganta da irin yabon. A 1998 masu bincike Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada 'yan firamare a Amurka. Waɗanda aka yaba wa da cewa suna da basira sun fi saurin karaya da aka ba su aiki mai wuya, waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu kuwa sun fi dagewa. Ke nan "kai Messi ne" shi ne yabon da ke fasa kai. Wanda ke gina yaro shi ne: "Bara ƙafar hagunka ba ta aiki, yau fasin huɗu ka ba da ita." Na farko kirari ne kawai. Na biyu shaida ce cewa wani ya zauna ya lura da shi.

Wani kuma zai ce gasa ai gasa ce, in aka ba kowa kyauta ta zama ba kyauta ba. Na yarda, kuma ba na kiran a raba wa kowa lamba don kada ya yi kuka. Yara sun fi mu gane yabon ƙarya. A bar kofi ga wanda ya ci, a bar takalmi ga mai yawan ƙwallaye. Abin da nake nema shi ne a ƙara ma'auni, domin idan cin kofi ne kaɗai abin da ake gani, to za a neme shi ta kowace hanya. Nan ne ake kawo mai gemu an aske shi a ce shekararsa sha biyar, ainihin ɗan sha biyar ɗin kuma a bar shi yana tsintar ƙwallo a bayan raga. Mun ga sakamakon wannan a matakin ƙasa: a 2016 'yan wasan Golden Eaglets 26 suka faɗi gwajin tantance shekaru gab da karawa da Nijar. Maƙwabtan namu suka fitar da mu, suka kuma kai har gasar kofin duniya a Indiya a 2017, mu da ke riƙe da kambun muna gida.

To me za ka yi, kai da ba koci ba, ba kansila ba? Ka fara da rubutunka. Bayan kowane wasa ka ambaci yara uku, kuma aƙalla ɗaya ya kasance gola ko ɗan baya. Ka faɗi takamaiman abin da kowannensu ya yi. Idan an ci ƙwallo, ka rubuta wanda ya ba da fasin. Kafin ka sa hoton ƙaramin yaro ka nemi yardarsa da ta iyayensa, bidiyon kuskurensa kuma ka bar shi a wayarka ko ka goge.

Idan kana da kusanci da ƙungiya, ka sayi littafi mai shafi arba'in ka ba koci ko kyaftin. A rubuta wanda ya zo atisaye, da wanda ya makara, da abu ɗaya da kowane yaro ke ƙoƙarin gyarawa. A ƙarshen gasa, kafin a miƙa kofi, a kira wanda ya fi samun ci gaba, da wanda bai taɓa fashin atisaye ba, da wanda bai taɓa yi wa alƙalin wasa rashin kunya ba. Kyautar ba sai ta zama babba ba: safa, ko littattafan rubutu, ko takardar shaida da aka buga a shagon kwamfuta. A gayyato mahaifinsa ko yayansa ya miƙa masa da hannunsa, mai unguwa na kallo. Uban da ke ganin ƙwallo shiririta ce, ranar da ya ji an yabi ɗansa da ladabi da cika alkawari a gaban mutane, zai sake tunani kafin ya hana shi fita.

Kada kuma a manta da waɗanda ba sa sa jesi: yaron da ke zana layin fili da toka tun da hantsi, mai kai ƙwallo wajen ɗinki, 'yan matan da ke haɗa kuɗin ruwan leda, da kocin da ba wanda ke biyansa ko sisi, shi ne ma ke cire kuɗin mota daga aljihunsa in za a je wasa Katsina ko Kaita. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, waɗannan kuwa kyautar lokacinsu suke ba mu.

Cikin yaran da ke buga ƙwallo a Riko, Bugaje, Faru da Gurbi, ƙalilan ne za su taɓa taka filin wasa na Muhammadu Dikko da rigar Katsina United, balle a yi maganar Turai. Mafi yawansu manoma za su zama, da direbobi, da malaman makaranta, da 'yan kasuwa, kuma da su za mu zauna a gari ɗaya. Abin da za su ɗauka daga fili shi ne ko ƙoƙari na da daraja ko ba shi da ita. Wasan da za ka je kallo na gaba, ka ɗan kawar da kyamararka daga lamba tara na minti biyar, ka duba wanda ke gudu ba tare da ƙwallo ba. Ka tambayi sunansa, ka rubuta shi daidai.