Wa Ya Ce Ba Mu Son Aiki?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin manyan ƙasar nan, wai aiki yana nan birjik, matasa ne suka ƙi shi saboda ragwanci. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya faɗi irinta a Landan cikin Afrilun 2018, inda ya ce da yawa daga cikin matasanmu ba su yi makaranta ba, kuma suna son su zauna a ba su gida da magani da ilimi kyauta. Masu masana'antu da 'yan kwangila sun ɗauki waƙar, har yau suna rerawa.

To, ya ku 'yan'uwa mazauna Kurmi, ku ne shaida. Wa ke sauke buhunan albasa a kasuwar Mile 12 tun kafin kiran assalatu? Wa ke tura kurar ruwa a Agege da Obalande, ya kwana bakin ƙofar wani yana gadi, sauro na cinsa, gari ya waye kuma ya ɗauki akwatin gyaran takalmi? Mutumin da ya baro Sakkwato ko Gumel a bayan tirela tare da shanu, ya sauka Sabon Ibadan ba shi da ko tabarmar kwanciya, a kira shi da kowane suna, amma rago kam bai dace da shi ba.

Ba mu musun cewa akwai guraben da ba a cike ba. Masu gini a Ikko sukan aika har Kwatano da Togo neman masu shafe da masu shimfiɗa tayil. Asibitoci suna kukan rashin likitoci. Amma a tsaya a dubi dalili. Likitan nan bai kwanta a gida ba, yana Ingila ko Saudiyya yana aiki dare da rana, domin can ne ake biyansa haƙƙin guminsa. Shi kuwa yaron da ake cewa ya ƙi aikin walda ko haɗa wayar lantarki, wa ya koya masa? Makarantun koyon sana'a an bar su sun zama kufai, injunansu sun yi tsatsa. Ka hana mutum fartanya, sa'an nan ka tsaya bakin gona kana zaginsa don ciyawa ta fito!

An taɓa gwada wannan magana, aka kuwa ga ƙarshenta. A Janairun 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fita. Mutum fiye da miliyan ɗaya suka tafi, akasarinsu 'yan Gana, har da maƙwabtanmu na Nijar da Cadi. Da yawa sun ɗauka aikin da suka bari zai wadaci 'yan ƙasa. Ina! Kuɗin man fetur ne ya faɗi, masana'antu suka rasa kayan aiki, a 1984 ma sai ga gwamnatin soja tana sallamar ma'aikata dubbai. Korar baƙo ba ta gina masana'anta ko ɗaya ba.

A tuna kuma da Kakuri. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, zamanin Sardauna, ta rufe a 2002, sauran suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya. Rashin wuta da atamfar fasa-ƙwauri suka kashe su, ba wanda ya taɓa cewa masaƙan sun ƙi zuwa aiki. 'Ya'yan waɗannan mutane suna cikin waɗanda suka gangaro kudu suka hau babur, sai gwamnatin Ikko ta hana acaba a manyan unguwanni a 2020, ta ƙara tsanantawa a 2022, aka murƙushe babura tuli. Ta yiwu tana da hujjarta ta haɗurra da tsaro, amma me aka miƙa wa wanda aka raba da abincinsa?

Abin dariya, in da dariya a ciki, shi ne lissafin hukuma. A ƙarshen 2020 Hukumar Ƙididdiga ta ce marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 aka sake ma'auni, wanda ya yi aikin sa'a ɗaya tak a mako ya zama ma'aikaci, adadin ya faɗo kashi 4.1. Ashe ga takarda kowa na aiki, ga baki kuma kowa rago ne.

Mu ma da namu laifin, kada a ce mun ɓoye. Uban da ya saki yaro ɗan shekara 12 ya biyo mota zuwa Fatakwal, ba karatu ba sana'a, ya yanke masa hukuncin dako har tsufa. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin kasuwa suna iya haɗa kuɗi su sa yara koyon kafinta da kanikanci a nan inda muke zaune.

In masu neman ƙuri'a suka zo fadar Sarkin Hausawa da buhunan shinkafa, a shimfiɗa musu tabarma kamar yadda aka saba. Sa'an nan a tambaye su makarantar sana'a nawa suka gyara, kuma yaranmu nawa aka ɗauka a cikinta.