Na'urar Da Ba Ta Mantuwa: Me Ya Sa Bireka Ke Ƙin Komawa Da Kanta?

Wannan makon za mu ɗan bar labarin soyayya, mu leƙa akwatin wutar da ke bango.

Daga masu markaɗe zuwa masu sayar da ƙanƙara a Tudun Wadan Zariya, kowa na jin haushin bireka idan ta faɗi. A ganinmu wannan haushin bai dace ba, kuma rashin bayani da Hausa ne ya jawo shi.

Abubuwa uku na'urar tsaron wuta take aiki da su: iyaka, jinkiri da riƙo.

Iyaka ita ce yawan wutar da aka yarda kaya su ja. Bireka mai amfiya 20 ba ta da magana muddin ba a wuce 20 ba.

Jinkiri kuwa haƙuri ne mai lissafi. Injin markaɗe ko sumon burtsatse, a lokacin tashi, yakan ja wutar da ta ninka ta aikinsa sau biyar zuwa bakwai, na 'yan daƙiƙu. Da na'urar za ta yanke nan take, babu injin da zai taɓa tashi. Saboda haka sai ta jira ta ga ko abin zai sauka. Idan an wuce iyaka kaɗan, jiran ya yi tsawo. Idan wayoyi ne suka haɗu, babu jira ko kaɗan. Akwai wani jinkirin a sitabilaiza, wanda kan kai minti 3 bayan an dawo da wuta, domin iskar cikin firji ta daidaita kafin injin ya sake tashi.

Riƙo shi ne inda rigimar take. Da zarar na'ura ta yanke, wutar da ke bi ta cikinta ta koma sifili. Idan ba ta riƙe abin da ya faru ba, sai ta ga komai lafiya, ta mayar, ta sake yankewa, ta sake mayarwa, har naɗin wayar cikin injin ya ƙone. Shi ya sa take tsayawa a kashe sai hannun mutum ya tayar da ita. Tana cewa ne: zo ka duba, akwai dalili.

Mu kuma me muke yi? Mu tayar ba tare da dubawa ba. Idan ta dame mu, a sako babba mai amfiya 63 a kan siririyar waya, ko a ɗaure fis da igiyar tagulla. Daga nan wayar da ke cikin silin ce ta zama fis, kuma ita ba ta yankewa sai da hayaƙi.

Wani zai ce: mai markaɗe ga layin yara da robobi, wutar ma ba ta daɗewa, ina ya ga lokacin bincike? Gaskiya ne, kuma ba kowane abu ne ya kamata ya riƙe ba. Idan matsalar daga waje take, kamar wuta ta zo da rauni, daidai ne na'ura ta jira sannan ta koma da kanta. Amma idan daga cikin gida ne, dutsen niƙa ya cije ko ruwa ya shiga waya, minti goma na dubawa ya fi kwana uku injin na wurin mai naɗi. Rigakafi ya fi magani.

Ina ruwan marubuci? A nan Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma Abubakar Imam da Rupert East sun rubuta Ikon Allah don su kawo ilimin kimiyya cikin Hausa. Yau yaran masu gyaran wuta suna haddace sunayen kaya da Turanci, ba tare da an faɗa masu dalilin aikinsu ba. Mu da muka zauna ajin kwalejin fasaha muna da bayanin, muna kuma da alƙalami.

Kowannenmu ya zaɓi na'ura ɗaya a gidansu, ya tambayi mai gyara yadda take aiki, ya rubuta shafi guda da Hausar da kakarsa za ta gane. Mu ga abin da za ku kawo kafin mako mai zuwa.

Allah Ya tsare mu daga gobara, amin.