Wata Tara Ko Mako Arba'in? Aikin Da Ke Jiran Ɗaliban Hausa

Masu iya magana kan ce rashin sani ya fi dare duhu. A ganina, duhun da ya fi damuwa shi ne a miƙa wa mutum takardar da ta shafi rayuwarsa, amma cikin harshen da ba ya ji. Haka abin yake ga mata da dama idan aka yi musu hoton ciki, wato abin da aka fi sani da sikanin.

A Jalingo akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha, kuma garin ya tara Fulani da Mumuye da Jukun da sauran ƙabilu, waɗanda Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da wurin awo. Saboda haka idan bayanin lafiya bai zauna daidai a Hausa ba, ba Bahaushiya kaɗai aka bari a baya ba.

Matsala ta farko ita ce lissafi. Iyayenmu suna cewa ciki wata tara ne, kuma watan sama tara kwana 266 ne ko kusa da haka, wanda ya yi daidai da ƙirge daga ranar shigar ciki. Shi kuwa likita yana farawa ne daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, sai ya samu kwana 280, wato mako 40. Ke nan kowa da gaskiyarsa, mafarin ƙirgen ne ya bambanta da mako biyu.

Ta biyu ita ce yadda ake ɗaukar na'urar. Ba ta san ranar da ciki ya shiga ba. Aunawa take yi, sannan a kintata. A watanni ukun farko ana auna tsawon ɗan tayi daga ka zuwa mazaunai, hanyar da Hugh Robinson ya fito da ita a Glasgow a 1973, kuma kuskurenta bai cika wuce kwana 5 zuwa 7 ba. Daga baya sai a koma ga faɗin kai da kewayensa da kewayen tumbi da tsawon ƙashin cinya. Amma idan ciki ya tsufa, jarirai sun riga sun bambanta a girma, don haka kuskuren kan kai mako uku. Shi ya sa a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi hoton sau ɗaya kafin mako 24.

A nan ne kunya ke yi mana illa, musamman a cikin fari, inda akan ɓoye har sai ya fito fili. Wanda aka haifa kafin mako 37 bakwaini ne, cikin da ya kai mako 42 kuwa ya zarce lokaci. Idan lissafi ya karkace, ana iya tayar da naƙuda da wuri, ko a yi ta jira alhali jariri na cikin haɗari.

To, mene ne namu a ciki? Haruffan EDD da ke jikin takarda wasu na ɗaukarsu tamkar alƙawari, alhali ƙalilan ne ke haihuwa a wannan rana. Ni da za a bi ta tawa, da sai a kira ta "ranar kirdado", domin kalmar da kanta ta gaya wa mace cewa kintace ne. Irin wannan ƙirƙira aikinmu ne, tare da ungozomomi da likitoci, sannan a gwada kalmomin a bakin matan da ke layin awo.

'Yan'uwana ɗalibai, maimakon mu yi ta maimaita tsofaffin batutuwa a kundayen digiri, me zai hana wani ya tattara kalmomin awon ciki na Jalingo? Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya.