Ra'ayi: Kafin a miƙa wa yaro waya, a miƙa masa gawayi

Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Dutse, akwai shanu da aka zana a jikin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Tun a shekarun 1950 masu binciken tarihi suka fara rubutu a kansu, kuma yau suna cikin kayan tarihin da gwamnatin tarayya ke karewa. Waɗanda suka zana su ba su sayi fenti a kanti ba, abin da ke kusa da su suka haɗa. Amma yau a Dutse sai ka ji uba na cewa ɗansa ba ya zane saboda kwalin kala ya yi tsada.

Ni dai ban yarda kuɗi ne matsalar ba. Mu da muka taso a shekarun 1990 mun san motar kara da tabarau na kara, mun san shanun laka da damina, 'yan mata kuma na ɗinka wa 'yar tsana kaya da ƙyallen da tela ya zubar. Abin da ya canza shi ne, yanzu idan yaro ya dami uwa tana aiki, waya ake miƙa masa ya yi shiru. Ba na zargin iyaye mata, aikin gida ba ya ƙarewa. Sai dai a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin, wanda bai kai shekara 2 ba kuwa a hana shi kallon gaba ɗaya. Gidaje nawa ne a cikinmu ke kiyaye wannan?

Ga kuma makarantun nazare da ke tilasta wa ɗan shekara 3 cika shafi da haruffa. Yatsun da ba su saba murza laka ko yaga takarda ba, riƙe fensir wahala ne gare su. Daga nan sai a ce yaro ba shi da ƙoƙari, a bi shi da tsawa.

Kayan aikin suna tsakar gida. Gawayi ɗaya da bayan tsohon kwali sun isa. Idan ana son launi, a jiƙa zoɓo a ruwa kaɗan ya ba da ja, kurkum ya ba da rawaya, farar ƙasa ta ba da fari. A zuba ɗan ƙaro a ciki, yadda almajirai ke yi wa tawada, don launin ya kama takarda. A daddatse bakin asawaki ya zama buroshi, ko yaro ya tsoma tafin hannunsa ya buga. Ganyen darbejiya ma idan aka shafa masa launi aka danna a takarda, siffarsa na fitowa tsaf, kuma yara ba sa gajiya da wannan. Ƙwallon dabino, wanda ba a rasa shi a Dutse, a wanke a shanya, a liƙa a kwali da kokon sitaci a fitar da gida ko harafin farko na sunan yaro. Da kaka kuwa kara ko'ina, totuwarsa da ɓawonsa sun isa a ƙera mota.

Wasu iyayen suna ɗari-ɗari da zanen abu mai rai, kuma wannan magana ce ta malamai, ba tawa ba. Amma ƙofa a buɗe take: akwai dagi, akwai zayyanar allo, akwai adon faifai da na hula. Wanda ya kai yaransa su ga zanen bangon fadar Sarkin Dutse a Garu, ya ba su aikin mako guda.

A kula da abubuwa uku. Ɓawon kara yana yanka kamar reza, babba ne zai ɓare shi. Wanda bai kai shekara 3 ba kada a bar shi da ƙwallon dabino ko wake, zai iya haɗiyewa ko ya cusa a hanci. Kuma a hana yara fasa tsohon batir don neman baƙi, abin da ke cikinsa guba ne.

Abin da ya fi wa manya wuya shi ne kame baki. Yaro ya kawo maka zane, kada ka ce masa akuya ba ta da ƙafa biyar. Tambaye shi me ya zana, ka saurari labarin, domin a nan bakinsa ke buɗewa. Sannan a rubuta sunansa da kwanan wata a ƙasa, a liƙa a bangon ɗaki inda baƙi za su gani. Shanun laka kuma a inuwa ake shanya su, rana na tsaga su.