Zuwa Ga Masu Shirya Fim Kan Yaran Birni



Da zarar an ce muku ga labarin yaro mai tasowa a birni, na san inda hankali ke fara zuwa: 'yan daba, ƙwaya, bindiga. Kafin ku bi wannan hanya, ku nemi fina-finai biyu na baƙaƙen fatar Amurka ku kalla da biro a hannu.

Na farko *Crooklyn* ne, na Spike Lee, wanda ya fito a 1994. Shi da ƙannensa Joie da Cinqué suka rubuta shi daga abin da suka tuna na unguwarsu a Brooklyn, kuma ta idon Troy muke kallon komai, yarinya tilo cikin maza huɗu. Uwa malamar makaranta ce, ita ke riƙe da gida. Uba makaɗi ne mai zuciyar yi, aljihu kuwa fayau. Ku lura da abin da ake rigima a kai: wace tasha za a kalla a talabijin, wa ya ƙi cin waken da aka zuba masa, me ya sa aka yanke wuta. Akwai inda uwar ta tashi yaran da tsakar dare saboda sun kwanta ba su gyara kicin ba. Duk wanda aka taɓa tasa daga barci kan wanke-wanke ba sai an yi masa bayani ba. Shi ya sa da ciwon daji ya ɗauke ta, mutuwar ke taɓa mai kallo, don ya riga ya sha faɗanta tare da 'ya'yan.

Na biyu *Killer of Sheep* ne, da Charles Burnett ya ɗauka a Watts, cikin Los Angeles, yana ɗalibi, da kimanin dala 10,000. Jarumin fim ɗin, Stan, ma'aikacin mayanka ne. Shi da abokinsa sun sayi tsohon injin mota, sun sauko da shi daga bene da ƙyar, sun ɗora a bayan a-kori-kura. Motar na tashi injin ya zame ya faɗi ƙasa. Ba wanda ya tsaya yin jawabi kan talauci. Ku ma ku rage wa 'yan wasanku wa'azi.

Ba ina cewa a ɓoye tashin hankali ba ne. John Singleton ya nuna shi a *Boyz n the Hood* a 1991, amma sai da ya fara zaunar da mu da uba yana tarbiyyar ɗansa. Da yawa cikin masu kwaikwayonsa harbin kawai suka ɗauka.

Sai batun waƙa. Burnett ya zuba waƙoƙin mutane ba tare da ya mallaki izini ba, shi ya sa fim ɗin nasa da aka gama tun shekarun 1970 bai shiga sinima sosai ba sai 2007. Don Allah ku daidaita da mai waƙa a rubuce kafin ku shiga ɗakin tace hoto.